Wai Boomplay na waye, kuma ina kuɗin waƙar ke tafiya?

Zainab (Ojo): Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Ina da tambaya ga masu harkar waya da masu harkar waƙa. Wai Boomplay ɗin nan, manhajar jin waƙa da muke tararwa a waya tun daga kwali, kamfanin wace ƙasa ne? Gardama ce ta kaure tsakaninmu a makaranta. Wata ta rantse na 'yan Najeriya ne tunda ofishinsu na nan Legas, wata ta ce na Turawa ne irin su Spotify. Kuma wa ya ce a sa mana shi a waya alhali ba mu nema ba?

Sani Mai Gyaran Waya (Ikeja): Wa alaikumus salam ƙanwata. Wadda ta ce na Najeriya ne ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta kai ƙarshen zancen ba. A nan aka fara shi, a 2015, amma masu shi 'yan China ne. Akwai wani kamfani Transsion da ke birnin Shenzhen, shi ne mai Tecno da Itel da Infinix. A waccan shekarar suka fito da wata waya, Tecno Boom J7, wadda aka yi ta musamman don masu son kiɗa. A cikinta aka sa manhajar, lokacin sunanta Boom Player. Daga baya suka sake ta ga duk mai Android, sunan ya koma Boomplay. A 2017 Transsion ya haɗa gwiwa da NetEase, wani babban kamfanin intanet na China da shi ma ke da tasa manhajar waƙa a can, suka kafa Transsnet, wanda ke riƙe da Boomplay.

Tambayarki ta biyu kuwa, mai waya ne ya sa hajarsa a cikin wayarsa, kuma nan ne duk dabarar take. Ku tuna tun wajajen 2008 mutanen nan suka shigo kasuwarmu da waya mai layi biyu, lokacin da kowa ke yawo da wayoyi biyu don wannan layin ba ya kamawa a nan, wancan ba ya kamawa a can. Suka gyara kyamara ta riƙa fito da baƙar fata da kyau, suka yi batir mai jimiri saboda sun san halin wutarmu. Yau kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasu ne. Wanda ya riga ya shiga aljihunka, me zai hana shi ya sa maka wurin jin waƙa? A shagona a Computer Village, kasuwar waya ta Ikeja, mutum zai kawo gyara, ko sunan manhajar bai sani ba, sai ya ce mini "kar ka goge mini abin waƙar nan". Bai taɓa sauke ta ba, tarar da ita ya yi.

Zainab (Ojo): To fa! Na gode Yaya Sani. Ashe babu wadda ta faɗi daidai a cikinsu, bari in kai musu labari.

Rabi'u Mile 12: Wato su ne suka ci mana kasuwa ke nan, in ji masu faɗa. Ni dai ban yarda ba, kuma ni na yi sana'ar da hannuna.

Yaran yanzu ba su san turin waƙa ba. Teburi ne da lema a bakin kasuwa, da tsohuwar kwamfuta mai akwati, da ƙaramin janareta a ƙarƙashin tebur, da lasifika ɗaya tana ta tashi tun safe don a san ka fito. Mutum ya zo, ya ɓalle murfin wayarsa, ya zaro memori da farce, wani ma a cikin takardar sigari yake naɗe shi don kar ya ɓace. Ka sa a abin karanta memori, ka tambaye shi me yake so. Mai baro ya ce sababbin waƙoƙin fim. Ɗan albasa daga Aliero ya ce ka sa masa na gargajiya da kalangu. Direban tirela da zai kwana uku a layin Apapa ya ce ka cika masa da tafsiri da ƙira'a, in wuri ya rage ka ƙara masa fim ɗin Indiya na fassara. Kowa ka san abin da yake so tun kafin ya buɗe baki. Sababbin kaya kuma daga Kano suke zuwa, yaronmu na can ya cika rumbun kwamfuta ya ba direban mota, mu tare shi a tasha da asuba. Wanda ya riga samun sabuwar waƙa a ranar, shi ke da layi.

Abin da ya karya mu ba Boomplay ba ne. Xender ne, manhajar tura kaya daga waya zuwa waya, da WhatsApp. Da mutum ɗaya ya biya na tura masa, kafin magariba duk 'yan ɗakinsu sun samu kyauta, ba data, ba komai. Tun kafin talakan Mile 12 ya fara jin waƙa ta intanet, kasuwar ta riga ta yi sanyi.

Musa Ɗan Acaba: Wallahi Oga Rabi'u ka tuna mini. Mu ne masu layin. Ka ɗaure lasifika a kan babur, ka sa memori, tun daga Ketu har Ikorodu ba mai jin kukan injin. Amma gaskiya ni yanzu sai in kwana biyu ban nemi memori ba, abin da ya fito a TikTok shi nake nema in sauke.

Sani Mai Gyaran Waya (Ikeja): Rabi'u, na yarda Xender ya fara sara, amma wa ya ƙarasa? Xender sai in wani na kusa da kai yana da waƙar. Abin da ya rage muku a lokacin shi ne ku ne ke da sabon abu. Ranar da mawaƙi ya fara ɗora waƙarsa da kansa da daddare, kafin asuba yaro a Agege ya ji ta, ranar direban Kano ya daina amfani. Kuma kar ka manta Boomplay ya bari a sauke waƙa a ajiye, a ji ba tare da data ba. Sun karanci mutanenmu sarai, sun san ba mai ƙona data kan waƙa ɗaya sau goma.

Alhaji Isa (Agege): Salamu alaikum. Yara kuna ta gardama kan wa ya kashe wa, ni kuwa dariya kuke ba ni. Rabi'u, kai ma ai wasu ka kashe ka ci kasuwarsu.

Lokacin da na zo Ikko wajen kawuna a harkar goro, faifan garmaho ake yayi. Kamfanonin Turawa ne ke bugawa, EMI na da situdiyo a Apapa, Decca ma na nan Legas, kuma har mawaƙan Arewa an buga faifansu. Faifai kuwa ba kowa ke iya saye ba, gida ɗaya ne a layi ke da akwatin, sai a taru. Da kaset ya zo sai kowa ya zama mai kamfani. Mai shago ya sayi na asali guda ɗaya, ya jera rikoda biyu, ya yi ta kwafa dare da rana. Nan Sango akwai shagon da in ka wuce ba ka jin maganar na kusa da kai. Bayan kaset sai sidi, sai 'yan kasuwar Alaba ta nan Legas suka karɓe ragama, har ya zama mawaƙi ne ke kai musu waƙarsa da kansa, su biya shi sau ɗaya su buga iya son ransu. Sannan ku masu kwamfuta kuka zo kuka tashi masu sidi.

Duk wannan juyin da na gani da idona, abu ɗaya ne bai sauya ba. Mai tallar waƙa yana ci, mai na'ura yana ci, wanda ya rera kuwa sai dai abin da aka liƙa masa a goshi ranar biki. Shi ya sa nake so wani ya faɗa mini, waɗannan na China da na Turai, su suna biyan mawaƙin?

Rabi'u Mile 12: Allah ya ƙara girma Baba, wannan kam ba ni da ta cewa. Ko sisi ban taɓa aika wa mawaƙi ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaya.

Aminu (Obalende): Baba, kafin a zo kan biya, ku ba ni dama in kawo yadda abin ya faro a can waje, don tambayarku ce ta haifar da sana'ar gaba ɗaya.

Su ma Turawa sun yi nasu zamanin turin waƙa. A 1999 wani matashi a Amurka, Shawn Fanning, ya fito da Napster, inda kowa ke kwasar waƙa daga kwamfutar wani kyauta. Kamfanonin faifai suka kai ƙara, a 2001 aka rufe shi, amma satar ba ta tsaya ba, wasu shafukan ne suka maye gurbi. Ƙasar Suwidin ta yi ƙaurin suna a wannan, can ne aka kafa The Pirate Bay, shafin da ake kwasar waƙa da fim kyauta. To a cikin wannan ƙasar ne Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa Spotify a 2006, a birnin Stockholm. Tunaninsu shi ne ba za ka hana mutum sata da wa'azi ko kotu ba, sai dai ka ba shi hanyar da ta fi satar sauƙi. Ya danna, waƙa ta tashi nan take. In ba zai biya ba ya saurari talla, in zai biya wata-wata a cire masa tallar. Sun daɗe suna lallashin kamfanonin faifai kafin su yarda, shi ya sa sai Oktoban 2008 aka buɗe shi, Amurka ma sai 2011 ya shiga.

Mu kuwa ba mu cikin lissafinsu. Afirka ta Kudu suka fara zuwa a 2018. Najeriya sai Fabrairun 2021, a kan naira 900 a wata. Ku lissafa, kusan shekara shida Boomplay na cikin aljihun mutane kafin Spotify ya leƙo. Kuma ba Boomplay ne ma na farko a nan ba. An yi manhajojin waƙa irin su Spinlet da iROKING na su Jason Njoku, duk a Legas, tun farkon shekarun 2010. Ba waƙa suka rasa ba, hanyar isa ga mutane suka rasa, ga data na tsada a lokacin. Shi ya sa na fi karkata ga maganar Yaya Sani. Ba da waƙa Boomplay ya ci kasuwa ba, da waya ya ci.

Audiomack kuma, da yaran Arewa suka fi so, a New York aka kafa shi a 2012, ya buɗe ofis a Legas a 2020. Abin da ya ja masa jama'a shi ne mawaƙi na iya ɗora waƙarsa da kansa kyauta ba sai ya bi ta hannun dillali ba.

Hajiya Binta (Idi-Araba): Aminu, kai da turancinka da lissafinka. Ni fa ban taɓa biyan ko kwabo don jin waƙa ba kuma ba ni da niyya. Na sayi waya, na sayi data, sannan a ce in sake biya? A kan me? Tallar ta yi ta yi, ina tuƙa tuwo ina jira ta wuce. Abin da ke ba ni haushi kawai, kana tsakiyar ƙasida sai wani ya faɗo maka da tallar caca. Kuma tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025, yarana na hana su jin komai sai wanda aka sauke.

Aminu (Obalende): Hajiya, ai ba ku kaɗai ba ne, mafi yawanmu haka muke, kuma nan matsalar take. Ko masu son biyan ma sun sha wuya. A 2022 bankuna da yawa suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Mutum na da kuɗin, yana so ya biya, kati ya ƙi.

Sani Mai Gyaran Waya (Ikeja): Bari in ƙarasa tarihin, don Baba ya samu rabin amsarsa. Da farko waƙoƙin gida ne suka cika Boomplay. Sai suka fara ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanonin duniya guda uku: Universal a ƙarshen 2018, Warner a farkon 2019, Sony a ƙarshen 2019. A 2019 ɗin ne kuma masu zuba jari suka ba su dala miliyan 20, lokacin suna cewa masu amfani da manhajar sun haura miliyan 40. A 2021 mujallar Billboard ta Amurka ta fara sa sauraron da ake yi a Boomplay cikin lissafin jadawalinta. Wato yaron da ke jin waƙa a Itel ɗinsa a Ajegunle ya shiga ƙidayar duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma yana cikin abin da ya ɗaga mawaƙan Legas.

Amma a Disambar 2024 jaridun harkar waƙa suka ruwaito cewa Sony ya janye waƙoƙinsa daga Boomplay kan batun kuɗin haƙƙi da ba a biya ba. Mutane da yawa sun wayi gari sun ga wasu waƙoƙin sun ɓace. Jama'a miliyoyi ba su ne kuɗi ba, in duk irin su Hajiya ne.

Hajiya Binta (Idi-Araba): Sani, zan zo gyaran waya, za ka maimaita.

Nura Situdiyo (Agege): Baba Alhaji, ni ne zan amsa muku, don a situdiyona yara ke kwana suna haɗa waƙa, kuma ni nake ɗora wa da yawansu.

Suna biya. Amma ku ji yadda ake biyan. Mutane na zaton kowane saurare yana da farashinsa, a ce sau dubu naira kaza. Ba haka ba ne. Misali Spotify, kuɗin da ya tara a ƙasa a wata, na masu biya da na talla, yana ware wajen kashi biyu cikin uku ga masu haƙƙin waƙa. Sai a duba duk sauraron da aka yi a watan, kowa a ba shi gwargwadon rabonsa a ciki. Ba watanda ba ce, inda kowa ke ɗaukar kashin nama daidai kuɗin da ya zuba. Kai ka biya naka, ka yini kana jin mawaƙin garinku shi kaɗai, amma kuɗin naka ya shiga cikin na kowa, mafi tsoka ya tafi ga wanda duk ƙasa ke ji. Sai an ji waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta. Daga 2024 kuma Spotify ya ce waƙar da ba a ji ta sau 1,000 a shekara ba, ba ta da kaso sam.

Sannan sauraro ba ɗaya ba ne. Wanda aka yi a Landan, inda mutum ke biyan fam wata-wata, ya ninka na Agege nesa ba kusa ba, balle na wanda ke ji kyauta da talla. To mu su wa ke jin waƙar Hausa? Kano, Kaduna, Sakkwato, Yamai, Maraɗi, Zangon Accra, da mu nan. Duk masu jin kyauta ne. Mawaƙin Legas da ke waƙa da turancin buroka da Yarbanci yana da 'yan'uwansa a Ingila da Amurka da Kanada suna biya da kuɗin can. Bambancin ke nan, ba wai ya fi namu murya ba.

Kuma kuɗin ba hannun mawaƙi yake faɗawa kai-tsaye ba. Sai ta hannun dillalin da ya ɗora maka. Akwai wanda na yi aiki da shi, ba zan kama suna ba, waƙar wani yarona ta zaga ko'ina, har a gidan biki a Alaba Rago na ji ana sa ta. Da rahoton kuɗi ya zo, ko kuɗin man janaretan da muka ƙona wajen haɗa ta bai kai ba, kuma aka ce sai ya taru ya kai wani adadi kafin a iya cira.

Aminu (Obalende): Nura, amma Spotify da kansa ya ce mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 25 a 2023, a 2024 kuma sama da biliyan 58. Na san za ka ce naira ta faɗi a tsakani, kuma gaskiya ne, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, don haka ninkin ba duka ci gaba ba ne. Duk da haka kuɗi ne da a zamanin Alaba ba a taɓa mafarkinsa ba.

Nura Situdiyo (Agege): Ban musa ba Malam Aminu. Ina dai tambaya, nawa ne ya haura kogin Kwara ya isa Arewa? Ka zo situdiyo ka ga abin da ke ciyar da mu. Waƙar amarya da ango, a sa sunan uwar amarya da na ƙawaye ɗaya bayan ɗaya, kowa da kuɗinta. Waƙar ɗan siyasa in zaɓe ya matso. Tallar mai shadda ko mai maganin gargajiya. Sai wasan sallah da liƙi. Wanda ya yi ƙarfi kuma YouTube ne ke ɗan kawo masa wani abu, shi ya sa za ka ga mawaƙanmu sun fi ba shi muhimmanci. Sauran manhajojin allon talla ne a wurinmu. Ka ɗora don a san ka, a kira ka biki. A wannan fuskar kam sun yi mana rana, don yaro daga Agege yanzu ana jin sa a Agadas ba tare da ya roƙi kowa ba.

Malam Habu (Alaba Rago): Assalamu alaikum. Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, kun sani, kuma ba zan buɗe wancan babin a nan ba. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar Alhaji da amsar Rabi'u. Haƙƙin mutum haƙƙi ne, ko kana son sana'arsa ko ba ka so. Kuma ba waƙa kaɗai ba. Karatun malamanmu da suka rasu, tafsirin da aka naɗa a kaset shekara da shekaru, yau ga shi a shafuka barkatai, ana sa talla a kai, wani na karɓar kuɗi. In malamin ya bar shi sadaka ne, to wa ya halatta wa wani ya mayar da shi haja? In kuma bai bari ba, ai gado ne, yana da magada. Wannan ya kamata mu tambayi kanmu kafin mu tambayi 'yan China.

Maryam (Idi-Araba): Malam, kamar kun san abin da ke raina. Tun ɗazu nake karantawa ina jinkirin magana. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, makaɗin kalangu ne, ya yi wasa a bukukuwan Hausawa daga Idi-Araba har Agege shekaru masu yawa. Wani mai shagon kaset ya taɓa naɗar waƙoƙinsa ya sayar. Bara ƙanena ya turo mini wata waƙa daga wani shafi, ina kunnawa na ji muryar Baba. An sa mata wani suna daban, an sa hoton wani tsoho da ba mu san shi ba, mutane na ta yabo a ƙasa. Mahaifiyarmu ta ce mu bar wa Allah. Ni kuma ba kuɗin ne ya dame ni ba, sunansa nake so a mayar. Muna da kaset biyu a akwatinta. Akwai abin da za a iya yi?

Barista Hadiza (Surulere): Allah ya jiƙan Baba ya yi masa rahama. Akwai, 'yar'uwa, kuma kun fi ƙarfi a kan yadda kike zato.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin da ya ƙirƙira. Wannan haƙƙinsa ne, yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma magada ne ke riƙe da shi. Akwai kuma naɗin da aka yi a kaset, wanda haƙƙinsa ke ɗaukar shekara 50, kuma galibi na wanda ya ɗauki nauyin naɗar ne, sai in an yi wata yarjejeniya. Don haka mai shagon kaset ko 'ya'yansa na iya cewa suna da hannu a naɗin, amma ba su da ikon cire sunan mahaifinku, balle wani can da ya tsinci abu ya ɗora. Dokar ta ba mai fasaha haƙƙin a danganta masa aikinsa.

Sabuwar dokar ta kuma tanadi hanyar rubuta wa masu shafi a nemi su sauke abin da aka ɗora ba da izini ba, kuma manyan manhajojin duk suna da wurin shigar da irin wannan koke. Abin da za ku fara tarawa shi ne shaida: kaset ɗin da kwalinsu in akwai suna ko hoto, hotunansa a wurin wasa, da dattawan da suka san muryarsa. Ki ɗauki hoton shafin yau ɗin nan, da sunan wanda ya ɗora da ranar, kafin ya farga ya goge. Hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa tana da ofis a nan Legas in abin ya kai ga haka. Amma ku zauna da 'yan'uwanki tukuna ku amince kan wanda zai yi magana da yawunku, don kar a fara a rabu a hanya.

Alhaji Isa (Agege): Maryam, 'yata, ki bi ni ta akwatin sirri ki faɗa mini sunansa. In wanda nake zato ne, shi ya yi kiɗa a bikin ƙanwata, kuma ko cikin barci aka tashe ni zan shaida muryarsa. Mai shagon kaset ɗin ma ina jin na san gidansu, ɗansa na nan yana sayar da kayan wuta. Mutanen kirki ne, ba sai an kai ga hukuma da su ba, zan taka da kaina.

Rabi'u Mile 12: Tsohon rumbuna na nan ban goge komai ba. Akwai wata jaka da na sa wa suna "kalangun Ikko", wani dattijo ne ya kawo kaset aka juye mini tun farkon fara sana'ata, babu sunan kowa a kai. Anti Maryam, in kin turo mini wadda kika ji zan gwada, wataƙila akwai wasu nasa a ciki da ku ma ba ku da su.

Nura Situdiyo (Agege): Anti, don Allah kar ku sa kaset ɗin nan a tsohon rediyo don gwaji, zai iya cinye zaren. Ku kawo su yadda suke. Zan juye su in share ƙarar, ba sai kun biya ba, sannan in Barista ta gama nata sai a ɗora da sunansa, asusun kuma ya zama na magada ba nawa ba. Matsalata ɗaya, bel ɗin rikodata ya tsinke. Yaya Sani, ana samu a wajenku?

Sani Mai Gyaran Waya (Ikeja): Computer Village ba ka samun wannan, sai Alaba, wajen masu tsofaffin kayan sauti. Ka turo mini lambar rikodar, akwai yaron da zai shiga can ranar Alhamis.

Maryam (Idi-Araba): Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji na turo muku sunan. Zan yi wa Mama magana da daddare, in ta amince ranar Asabar bayan la'asar ni da ƙanena za mu kawo kaset ɗin Agege. Malam Nura, a turo mini kwatancen situdiyon daga tashar Pen Cinema.